Rigar Wankan Da Babu Mai Ita

Shafi na 6

Masu turo min saƙo tun da asuba wai na yi shiru, ku sassauta min. Ni tela ce, ƙafata na kan keke, hannuwana na kan yadi, ba ni da hannu na uku na latsa waya. Ke kuma da kika rubuto kina tambaya ko Hajiya Fatuma ita ce wance ta bayan masallaci, daina wahalar da kanki. Duk sunayen nan na sauya su, nawa kaɗai na bari, Zuwera, tunda ni ba ni da abin ɓoyewa.

Ga waɗanda suka shigo yau, sati uku ke nan da Iklima, matar ɗan Hajiya Fatuma, ta shigo shagona na unguwar Goudel da wata tsohuwar ambulan a ƙarƙashin hijabi kamar ta sato ta. A ciki akwai takardun yanka irin na Faransa, patiron, sun yi ja don tsufa, sirara kamar ɓawon albasa. A bayan ambulan ɗin hoton wata baturiya ce ta riƙe ƙugu cikin rigar wanka mai ɗan siket, abin da ƴan Niamey ke kira mayo. Iklima ta ce wata anasara ce take so a ɗinka mata irinta amma a faɗaɗa, ta miƙo min awo a ƴar takarda.

Ina duba awon na ajiye almakashi.

Shekara goma sha ɗaya ina auna Hajiya Fatuma. Ƙirji ɗari da ashirin da huɗu, ƙugu ɗari da goma sha takwas, cinyar hagu ta ɗara ta dama da santi shida saboda kumburin gwiwa. Ko daga barci aka tashe ni zan karanto. Ga kuma wani rubutu da fensir a gefen ɗaya daga cikin takardun, "Fati, 1979". Da na tsare Iklima da ido sai ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Likita ne ya ce wa Hajiya ko ta riƙa tafiya cikin ruwa sau biyu a sati, ko a yanka gwiwar. Wurin da ake yi akwai ranar mata zalla, amma ba a shiga da zani. Sun zagaye ƴan gwanjon Babbar Kasuwa babu wadda za ta shige ta, shi ne Hajiya ta tono ƙasan akwatinta ta fito da tarihin ƴanmatancinta.

Wannan Hajiyar fa ita ce shugabar matan karatun Asabar na unguwarmu. Ita ce ke ɗaga sanda tana cewa duk ɗiyar da ta taka fisin, wato wurin iyo, iyayenta sun yi asarar haihuwa. Ashe akwai lokacin da ake kiranta Fati, tana tsalle tana faɗawa ruwa da cinyoyi a waje.

Duk da haka na ji tausayinta, don ciwo ba abin dariya ba ne. Na karɓi aikin, na yi alkawarin rufe baki.

Aikin ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Mu da alli da metir muke yanka kai tsaye a kan yadi, ban taɓa bin takarda ba tun da Inna ta ɗora ni a keke a Maradi. Na kwafe takardun a kan takardar siminti don kada su yage, na faɗaɗa su daga lamba talatin da takwas zuwa girman Hajiya. Gwajin farko na lalata shi, don ashe turawan nan ba sa barin wurin ɗinki a gefe, kai za ka ƙara da kanka. Na sake. Na tsawaita ƙafa har ƙasan gwiwa, na sa hannu, na ninka gaban, na saukar da ɗan siket ɗin, duk don in suturta baiwar Allah. Sai yadin ya ƙi kekena. Irin mai roba ne, allura na tsallake shi, zaren na tsinkewa da an ja. Dole sai keke mai zigizaga, kuma a layinmu wani tela, Issoufou, shi kaɗai ke da shi.

Nan na tafka wauta. Issoufou bakinsa ya fi kekensa gudu. Minti arba'in na yi a shagonsa, kafin washegari da azahar har masu sayar da ganyen salati a bakin kogi sun ji cewa Zuwera ta koma ɗinka tsiraici.

Kuma a kan kantata akwai shadda turmi talatin da huɗu, iniform ɗin matan karatun Asabar na walimar da za a yi nan da kwana goma sha biyu. Matan nan da ƴaƴansu da jikokinsu su ne rabin aikina, in ban ce duka ba. In suka juya min baya, sai dai in ɗaure keke in koma Maradi.

To, ga abin da ya faru ranar Alhamis.

Bayan la'asar ina kafe wuyan wata riga sai ƙofa ta yi duhu. Hajiya Fatuma ce a gaba, tana dogara sandarta, carbi na lilo a wuyan hannu. Bayanta Malama Zeinabu mai koyar da su karatu, sai Ramatu mai kifi, wadda in an yi rigima babu ita har zazzaɓi take yi. Can ƙarshe Iklima, ta rungumo jakar Hajiya, kanta a ƙasa.

Na yi musu sannu da zuwa. Malama ce kaɗai ta amsa. Hajiya ta zauna a kujerar da nake ajiye mata kullum, mai matashi biyu, ta miƙe ƙafar hagu a hankali tana cije leɓe. Sai ta dube ni da wani irin kallo, rabinsa harara rabinsa roƙo, ta ɗan girgiza kai yadda babu wanda zai lura sai ni.

Na gane karatun. Ta ji an fara surutu, ta ga in ba ta shige gaba ba za a iya waiwayowa kanta, shi ne ta wanke ƙafa ta jagoranci masu zuwa yi min wa'azi. Ni in sha zagi, ita ta sha yabo, bayan kwana biyu ta aiko Iklima ta karɓi kayanta ta bayan gida.

"Bon, Zuwera," in ji ta, "mun ji magana marar daɗi."

"Wace magana, Hajiya?"

"An ce kina ɗinka kayan ƴan iska a nan, kusa da iniform ɗin mu na karatun Alƙur'ani."

Ta ja dogon bayani da Hausarta ta kasuwa, tana cusa Zabarmanci da Faransanci inda ta maƙale. Ta ce ita tun tasowarta ba ta san wannan lalata ba. Ta ce a zamaninsu ɗiya mace ko idon sawunta ba a gani. Ta ce ta riƙe ni kamar ƙanwa, ta kawo min mutane, ashe ni wata iri ce. Ina tsaye ina kallon bakinta, ina tuna baturiyar nan mai riƙe da ƙugu. Ban san lokacin da na yi murmushi ba.

"Dariya ma take yi," in ji Ramatu.

Malama Zeinabu ta ɗaga mata hannu. Malama mace ce mai adalci, ita kaɗai nake jin kunya a cikinsu. Ta ce ba faɗa ya kawo su ba, in nuna musu abin su gani da idonsu, kada su yanke hukunci da maganar Issoufou.

Na jawo leda daga ƙarƙashin tebur na ajiye. Baƙi ne mai ratsin shuɗi a gefe, a ninke. Ramatu ta ɗaga gefensa da yatsa biyu kamar ta ga mushen ɓera, ta saki, ta goge hannu a zani. Matar da take yini hannunta cikin hanjin kifi.

Malama ta tambaye ni na wane ne.

"Na mai shi ne, Malama."

"Mun sani. Wa ke nan?"

"Malama, wanga aiki amana ne. Mace na tuɓe hijabi gabana, in san inda ta kumbura da inda ta rame. Ran da na hwara faɗin sirrin mutane, ke ma ba ki sake tsaya min in auna ki."

Na ga maganar ta shige ta. Ta ce to in na wata anasara ne kamar yadda wasu ke faɗi, in rantse kawai, su tafi. Na ce ba na rantsuwa a kan abin da ba haka ba. Ina faɗa na ga carbin Hajiya ya tsaya.

Sai ta yi sauri ta kawo mafita. Wai a kawo ashana a ƙone shi a ƙofar shago kowa ya gani, in yi tuba a gabansu, magana ta mutu. Ku ji fa. Kwana goma sha tara na yi a kan abin nan, idona har ruwa yake, saboda gwiwarta. Yanzu ta gwammace a ƙone shi a yanka ta a asibiti da a ce Fati ta taɓa iyo.

Na ce ba a ƙona kayan mutane a shagona.

"To a kwashe shadda," in ji Hajiya, ba tare da ta dube ni ba. "A kai ma Issoufou."

Ramatu dama jira take. Ta hau kan benci ta fara sauko da turamen tana jibgewa a ƙasa, har da waɗanda na riga na yanka na jera da sunan kowa a manne. Ina ji ina gani takardun sunayen suna zubewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san in turamen nan suka tsallaka titi ba za su dawo ba, kuma ba su kaɗai za su tafi ba. Amma na dafe tebur na yi gum. Na ce a raina, ki kwashe, Hajiya, Allah na gani, ni ba zan tona ki ba.

Da a nan aka tsaya da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Ramatu tana kan benci, da turmi a hannu, sai ta ce ai ita ba ta ga abin wahalar da kai ba, Issoufou ya riga ya faɗa mata wadda ya gani ta shigo da ambulan a ƙarƙashin hijabi. Ta nuna da haɓa.

Duk muka juya. Iklima ta ƙanƙame jakar Hajiya kamar za ta shige ciki.

Malama ta kira sunanta a hankali, ta tambaye ta ko gaskiya ne. Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi uwar mijinta. Wallahi kallon da ta yi mata ko dutse ne zai yi laushi. Jira take Hajiya ta ce wani abu, ko da ƙarya ce, ko da cewa ni na aike ta karɓo ma wata. Shekara huɗu yarinyar nan tana matsa mata gwiwa da man zafi, tana ɗauke mata ruwan alwala, tana raka ta asibiti a taksi.

Hajiya ta dafe ƙirji.

"Iklima. Ke?"

"Maman…"

"A gidana? Kina cin tuwona kina shirin tuɓewa gaban maza?"

"Maman, don Allah."

"Rufe min baki. Dama na faɗa ma ɗana Mansur, ɗiyar da ta yi bokon lakkwal da yawa sai an sa mata ido."

Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina matar nan a wannan minti ba. Na dubi goshinta mai tabon sallah, na dubi zobban Makka a yatsunta, na ji kamar in tofar da yawu. Har hawaye ta matso, na gaske, suna gangarowa. Allah kaɗai ya san daga ina ta samo su.

Ba ta tsaya nan ba. Ta fizge jakarta daga hannun yarinyar, ta lalubo waya, ta kira Mansur ta sa a sifika don kowa ya ji. Ta ce ya bar abin da yake yi ya zo shagon Zuwera tela yanzu, ya ga abin da matarsa ta ba da a ɗinka mata. Muryarsa ta fito yana tambaya lafiya, ta ce in ya zo ya gani, ta kashe. Mansur direba ne, mai zuciyar tsiya, kuma duk abin da uwarsa ta faɗa ya zauna. A kasuwar Petit Marché yake lodi, minti ashirin ya ishe shi.

Iklima ta sulale ta zauna a ƙasa cikin turamen shadda. Ba ta yi kururuwa ba. Ta dube ni kawai ta girgiza kai, wai kada in faɗa. Har a lokacin uwar mijinta take karewa.

Na ɗauki mayon na kama kafaɗunsa na ware shi a gaban Malama.

"Malama, diba. Iklima nawa za su shiga cikin wanga?"

Malama ta dubi rigar, ta dubi yarinyar da ko kilo hamsin ba ta kai ba. Ta ce gaskiya uku ma za su shiga su bar wuri. Ramatu ta sauko daga benci ta matso, ta daina yatsina.

Hajiya ta ce ai kayan roba ba a gane girmansu da ido, kuma wa ya sani ko wata ƙawarta ce ƴar duniya ta aiko ta, duk ɗaya ne, mai kai saƙon ɓarna da mai ɓarna. Tana magana tana laluben sandarta. Ta ce ita gwiwarta ta fara, za ta jira Mansur a gida.

Na riga ta isa ƙofa. Na tura ƙyauren ƙarfen na sa sakata, na kunna fitila.

"Zuwera, mene ne haka?" in ji Malama.

Na ce mata na yi alkawari ba zan faɗi suna ba, kuma ba zan faɗa ba, har gobe. Amma ban yi wa kowa alkawarin zan tsaya a kashe auren marainiya a shagona ba. Na ɗauko ƴar takardar awon da aka kawo min tun farko na damƙa mata a hannu. Na ce ta riƙe, ita ce mai karatu. Na zare metir daga wuyana.

"Mai rigar ga tana cikin ɗakin nan. Mu biyar ne. Zan auna kowa, har ni. Wadda awonta ya hau kan takarda, Malama ta faɗa da bakinta."

Ramatu ta ce ita ba za a auna ta kamar buhun gero ba. Malama ba ta ko kalle ta ba. Ta karanta takardar sau biyu, ta miƙe tsaye, ta cire hijabinta ta ninke, ta ɗaga hannuwa.

"Fara da ni."

Na zagaya metir na karanta da ƙarfi. Ɗari da takwas. Malama ta duba takarda ta ce ba ita ba ce. Na miƙa mata metir ta auna ni da kanta, casa'in da shida. Iklima ko tashi ba ta iya yi ba, a zaune na auna ta, saba'in da tara. Ramatu da ta ga saura ita da Hajiya sai ta yi wuf ta yaye mayafi, har tana cewa in ja da kyau kada in ƙara mata. Ƙirjinta ya kai ɗari da ashirin da biyu, ta fara salati, amma da na sauka ƙugu aka samu tazarar santi goma sha ɗaya. Ta sauke ajiyar zuciya ta koma gefe tana gyara ɗaurin zani.

Saura Hajiya. 

Hajiya tana zaune a kujerarta mai matashi biyu. Zufa ta jiƙa gefen hijabinta. Ta ce ita ta girmi wannan wasan yara. Ta ce ta je Makka sau uku. Ta ce min kala suru, a Zabarmance, wato in yi haƙuri, da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Da ta faɗi haka tun kafin ta kira ɗanta, wallahi da na buɗe mata ƙofa da hannuna.

Malama ta ce, "Hajiya, kowa ya tsaya. Ke ce shugaba."

A waje mota ta ja birki. Aka buga ƙyauren da tafin hannu har sakatar ta yi ƙara.

"Zuwera, buɗe. Ina Iklima take?"

Muryar Mansur ce. Iklima ta toshe bakinta da hijabi. Ban waiwaya ba. Na taka kan shaddar da suka zubar min, na je na tsaya a gaban kujerar, na ware metir tsakanin hannuwana biyu.

"Hajiya," na ce, "ɗaga hannu."